Yadda Ake Kama Gidan Haya a Makka da Jidda Bayan Rushe Tsofaffin Unguwanni

A farkon shekarar 2022 na je Jidda domin in taya wata gwaggona kwashe kaya, bayan da aka wayi gari an rubuta kalmar "ikhla" da jan fenti a bangon gidan da ta shekara fiye da talatin tana haya a cikinsa. Ma'anar kalmar ita ce a fice. Na same ta zaune a tsakar gida tana naɗe tabarmi, ga tukwanen da take dafa abincin sayarwa an kife su a gefe, sai na tambaye ta takardar hayar gidan domin mu nuna wa duk mai gidan da za mu je wurinsa cewa ita mai biya ce a kan lokaci. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon littafin makaranta wanda ɗan mai gidan yake sa hannu a ciki duk wata shida, ta ce da ni: "Ɗana, ai ni da mutanen gidan nan amana ce a tsakaninmu." Gaskiya ta faɗa, domin ba su taɓa cutar da ita ba. Sai dai a ranar babu ofishin dillalan gidaje ko ɗaya da ya karɓi wannan littafi a matsayin hujja, kuma mun yi kusan mako uku muna yawo kafin muka samu inda za ta sa haƙarƙarinta. Abin da na koya a wannan yawo, da wanda na ƙara fahimta daga baya, shi nake so in shimfiɗa a nan domin amfanin iyalanmu da ke Makka da Jidda.

Kakanninmu da suka zo aikin Hajji a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan suka ƙetare Bahar Maliya, sun zauna ne a inda ƙarfinsu ya kai, wato gefen duwatsu da bayan gari. Daga nan aka samu cincirindon Hausawa a Shari'ul Mansur da Hindawiyya da Jarwal a Makka, da kuma Sabil da Karantina da Gulail a Jidda. Gidajen irin na sha'abi ne, wato tsofaffin gidajen talakawa, lungunan ƙanana, hayar kuma mai sauƙi ce, ana ƙulla ta da baki a gaban dattijo ɗaya ko biyu. Tun daga ƙarshen 2021 hukumomi suka fara rushe unguwanni masu yawa a Jidda waɗanda aka gina ba bisa tsari ba, a Makka kuma manyan ayyuka irin su Jabal Umar da Masar, wato hanyar Sarki Abdul'aziz, sun riga sun cinye wasu tsofaffin unguwanni na yammacin Harami. Duk wannan yana tafiya ne tare da shirin ƙasar Saudiyya na 2030, wanda ɗaya daga cikin burinsa shi ne a ɗaga yawan iyalan 'yan ƙasa masu gidan kansu daga kashi 47 cikin ɗari a 2016 zuwa kashi 70 a 2030. Ko mutum ya ji daɗin wannan sauyi ko bai ji ba, gidaje masu araha na cikin gari sun ragu, masu nema sun ƙaru, kuma harkar haya gaba ɗaya ta koma ta rajista.

Matakin farko shi ne maigida ya san matsayinsa a gaban doka, domin Hausawan ƙasar nan ba ɗaya suke ba. Akwai 'yan ƙasa masu katin shaida, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin kafili, wato ubangidan da ya tsaya musu. Akwai kuma waɗanda takardunsu suka mutu ko ba su taɓa samu ba. Wanda yake cikin rukuni na uku, maganar gida ba ita ce farkon damuwarsa ba, domin ba zai iya yin kwantiragi da sunansa ba, kuma doka tana hukunta duk wanda ya ba shi masauki. Abin da ya dace da shi shi ne ya nufi ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Jidda, na Najeriya ko na Nijar, ya fara gyara fasfo da sauran takardu, ya kuma riƙa sauraron sanarwar Jawazat, wato hukumar fasfo da shige da fice. Na san wannan magana tana da nauyi ga mutumin da aka haifa a Makka kuma bai san wata ƙasa ba, amma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba.

Ɗan ƙasa kuwa yana da ƙofofin da bai kamata ya bar su a rufe ba. Shirin Sakani, wanda aka buɗe a 2017 tare da haɗin gwiwar Asusun Bunƙasa Gidaje da aka kafa tun 1974, yana karɓar rajista ta manhajar waya, ya duba ko iyali sun cancanta, sannan ya ba su zaɓi tsakanin sayen gida ginanne, da sayen wanda ake kan ginawa, da gina nasu a kan fili, tare da tallafi a kan bashin banki. Babban sharaɗi shi ne kada mai nema ya kasance yana da gidan da ya dace da zama, kuma kada ya taɓa cin tallafin gida daga gwamnati. Mai sayen gidansa na farko yana iya samun bashin da ya kai kashi 90 cikin ɗari na kuɗin gidan, kuma gwamnati tana ɗauke masa harajin cinikin gidaje na kashi 5 cikin ɗari, wanda aka fara a Oktoban 2020, a kan abin da bai wuce riyal miliyan ɗaya ba. Zawarawa da marayu da masu karɓar tallafin marasa ƙarfi suna da tasu hanyar ta gidajen jinƙai, wadda ƙungiyoyin agaji masu rajista da dandalin Jud al-Iskan suke gudanarwa. Na ga dattawan da suka cancanci wannan amma suka ƙi nema saboda wayar ta fi ƙarfinsu, alhali jikansu zai iya kammala musu rajistar tsakanin Magariba da Isha'i.

Mafi yawanmu dai masu iƙama ne, kuma haya ce makomarmu, don haka a nan zan fi daɗewa. Kafin a fita neman gida, a zauna da uwargida a yi lissafi na gaskiya. Kuɗin haya shi ne ake gani, amma a bayansa akwai riyal 400 da mai iƙama yake biya duk wata a kan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinsa tun daga Yulin 2020, ga kuɗin wuta wanda yake ninkuwa a watannin zafi, ga ruwa, ga kuɗin mota idan gidan ya yi nisa da wurin aiki. Gida mai araha a Harazat ko Bahra ko Waliyyul Ahad yana iya fin na tsakiyar gari tsada idan aka haɗa da zirga-zirgar kullum, musamman ga matan da sana'arsu take kusa da Harami. A ganina, hayar da ta haura kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa gida duk wata tana jefa iyali cikin bashi ko ba jima ko ba daɗe, kuma gara a haƙura da ɗaki ɗaya a samu barci mai daɗi.

Wajen nema, a bi ta hannun dillali mai lasisi. Hukumar Kula da Harkar Gidaje da Filaye, wadda aka kafa a 2017, ita ce ke ba da lasisin da ake kira Fal, kuma kowane tallan gida na halal yana ɗauke da lambar izini da za a iya dubawa. La'adar dillali a doka kashi 2.5 cikin ɗari ce na hayar shekarar farko kaɗai, sai fa idan an amince da wani abu daban a rubuce, don haka wanda ya zo yana neman la'ada duk shekara ba shi da hujja. Kafin alƙalami, wanda Larabawa ke kira arbun, kada a tura shi asusun wani mutum saboda hoton gida da aka gani a WhatsApp. Wani maƙwabcinmu ya yi haka a lokacin da ake rububin tashi, ya tura kuɗi ga mutumin da bai taɓa gani ba, da ya je gidan sai ya tarar da wasu iyali a ciki, lambar wayar kuma a kashe. A je a ga gida da ido, a ga mai gida ko wakilinsa mai takardar wakilci, sannan a buɗe jaka.

Ganin gida ma yana da nasa ladabin. A je da rana, a kuma koma bayan Isha'i, domin unguwa tana da fuska biyu. A buɗe kowane famfo a ga ƙarfin ruwa, a tambayi mai gadin benen ko ruwan hukuma yana isowa ko kuwa sai an sayi tanka, kuma idan tanka ce, yaya ake raba kuɗinta tsakanin mazauna. A ɗaga kai a dubi rufin banɗaki, domin tabon danshi a nan yana nufin bututun na sama yana yoyo. A tabbatar shuƙƙar, wato sashen da za a kama a cikin benen, tana da mitar wuta tata ita kaɗai, saboda mitar haɗaka ita ce uwar rigima tsakanin maƙwabta. Idan ɗakin saman bene ne, wanda ake kira mulhaƙ, a tuna cewa a watan Yuli rana tana dukansa ta kowace fuska, kuma abin da aka rage a haya na'urar sanyaya ɗaki za ta cinye shi. A Makka akwai ƙarin tambaya guda da ba a tsallakewa: shin hayar ta shekara ce cikakkiya, ko kuwa mai gida yana so a fice masa kafin Zulhajji domin ya sauke alhazai? Wannan tsohuwar al'ada ce a gine-ginen da ke kusa da Harami da Aziziyya, kuma iyalin da ba su tambaya ba sukan tsinci kansu da kaya a kan titi a lokacin da gida ya fi kowane lokaci wuyar samu.

Sai kuma babbar magana, wato Ejar. Wannan dandali ne na gwamnati wanda tun 2018 aka wajabta rajistar kwantiragin haya a cikinsa, kuma kwantiragin da ba a shigar ba, kotu da ofisoshin gwamnati ba sa ɗaukarsa a matsayin ingantacce. Dillali ne yake shigar da bayanan gidan da lambar takardar mallaka da bayanan ɓangarorin biyu, sannan saƙo ya zo wa mai haya a wayar da ke haɗe da asusunsa na Absher, manhajar hidimomin gwamnati, domin ya amince. A nan ne mutanenmu suke yin babban kuskure, domin da saƙo ya shigo sai su danna amincewa a tsaye a cikin ofis ba tare da sun karanta ba. Babu wanda ya isa ya hana ka komawa gida ka karanta a natse, ko ka ba wanda ya fi ka Larabci ya karanta maka. A duba sunan da aka rubuta ko na wanda zai zauna ne, a duba lambar shuƙƙa da lambar mita, a duba ranar farawa da ranar ƙarewa da kalandar da aka bi, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A duba adadin hayar shekara da yadda aka raba biyanta, ko wata-wata, ko duk wata uku, ko duk wata shida. A duba wanda aka ɗora wa gyaran bututu da wayoyin wuta, da kuma ko an ba mai haya izinin saka wani a cikin gidan. Kuɗin rajistar kwantiragin a kan mai gida yake.

Wani mai gida zai ce a rubuta ƙaramin adadi a Ejar a biya sauran a hannu, wani kuma zai ce a bar rajistar gaba ɗaya ya rage maka wani abu. Kada a yarda. Haka nan kada a yi kwantiragi da sunan ɗan'uwa ko aboki saboda iƙamarsa ta fi taka tsawon wa'adi, domin ranar da ya bar ƙasar ko kuka saɓa, gidan ba naka ba ne a idon doka ko da kai ka biya kowane riyal. Ya kamata kuma a san cewa kwantiragin Ejar wuƙa ce mai kaifi biyu: takarda ce da kotun zartarwa take aiki da ita kai tsaye, don haka kamar yadda take hana mai gida ya kore ka kafin wa'adi, haka take ba shi damar shigar da buƙata ta Najiz, dandalin ma'aikatar shari'a, idan ka makara wajen biya, abin da kan iya kaiwa ga taɓa asusunka na banki. Wanda ya ga alamar zai gaza, ya je ya sami mai gida tun kafin ranar biya ya ce, "Ya Shaikh, ga halin da nake ciki," su daidaita, a kuma rubuta abin da aka daidaita a kai.

Ranar karɓar mabuɗi a cike fom ɗin karɓa da miƙawa da ke cikin Ejar, a ɗauki hoton kowane ɗaki da kowace tsaga da ke bango da lambar da mita take nunawa. Kuɗin ajiya na lamuni, idan an nema, a cikin dandalin ake ajiye shi har ranar fita, ba a aljihun mai gida ba. Biyan haya kuwa, tun daga Janairun 2024 an mayar da na gidajen zama ta hanyoyin Ejar, wato katin Mada ko tsarin Sadad, kuma wannan ya fi mana alheri domin kowane biya yana barin shaidar da ba ta ɓacewa. Hayar gidan zama ba ta da harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari, don haka idan aka ƙara shi a kan hayar, a tambayi dalili. Daga nan a mayar da mitar wuta da sunan mai haya, a sabunta adireshin ƙasa a wurin hukumar gidan waya, sannan a nemi canja wa yara makaranta ta Nur, tsarin ma'aikatar ilimi, tun kafin zangon karatu ya yi nisa.

A watan Satumban 2025 an fito da sababbin ƙa'idoji da ya kamata kowane mai haya ya sani. A Riyad an dakatar da ƙarin kuɗin haya na tsawon shekara biyar, kuma mai gida ba zai ƙi sabunta kwantiragi ba sai idan mai haya bai biya ba, ko ginin ya zama haɗari, ko kuma shi da kansa ko danginsa na kusa za su zauna a ciki. Wannan dakatarwa ta Riyad ce, kada mazaunin Makka ko Jidda ya ɗauka ta shafe shi kai tsaye ya je yana jayayya da mai gidansa a kai. Abin da ya shafi kowa a faɗin ƙasar shi ne cewa kwantiragi yana sabunta kansa idan babu ɓangaren da ya sanar da ɗayan niyyar rabuwa aƙalla kwana 60 kafin ƙarewarsa, kuma mai haya yana da ikon neman a yi rajistar kwantiragin idan mai gida ya yi sakaci. Wanda yake shirin tashi ya manta da waɗannan kwana 60 zai iya samun kansa da hayar wata shekara a wuya. A shekarar ce kuma aka ɗaga harajin filayen da aka bari fayau a cikin gari daga kashi 2.5 zuwa abin da zai iya kai kashi 10 cikin ɗari, domin a tilasta wa masu su ginawa, amma amfanin wannan ga mai haya ba zai bayyana a dare ɗaya ba.

Akwai wani rauni da ba mu cika son taɓawa ba, amma dole in taɓa shi. Da yawa daga iyayenmu sun tara kuɗi sun gina gida ko sun saya da sunan wani ɗan ƙasa da suka amince da shi, domin tsohuwar doka ta hana baƙo mallakar gida a Makka da Madina sai ta hanyar gado. Da rusau ya zo, diyya ta bi sunan da ke kan takardar mallaka, wasu amintattun sun miƙa haƙƙi, wasu kuwa sun rasu sun bar magada da ba su san da wata yarjejeniya ba. A Yulin 2025 an amince da sabuwar dokar mallakar gidaje ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba, mai fara aiki a Janairun 2026, wadda ta tanadi sharuɗɗa na musamman ga biranen biyu masu alfarma. Duk mai wannan buri ya nemi lauya mai lasisi ya bi ta ƙofar doka, kada ya sake zuba gumin shekaru a ƙarƙashin sunan wani. Wanda kuma ya ji ƙishin-ƙishin za a rushe unguwarsa, ya tabbatar daga sanarwar hukuma ko ofishin umda, wato mai unguwa, ya daina biyan hayar shekara gaba ɗaya, ya fara neman wuri kafin fenti ya hau bango, domin a ranar da dubban iyalai suka fito nema lokaci guda, haya tana tashi, har masu motar ɗaukar kaya ma sukan ninka kuɗinsu.

Abin da muka yi asara a tsofaffin unguwanni ya wuce bango da rufi. A can ne idan mace ta haihu maƙwabta suke dafa mata kunu, idan an yi rasuwa kafin a dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi, mai sayar da tsire da mai fura da mai ɗinki duk suna cin abinci daga lungu ɗaya. Wannan ba ya biyo mutum cikin mota, sai an ɗauko shi da gangan. Shawarata ita ce iyalai huɗu ko biyar da suka saba su nemi gida tare, a bene ɗaya ko a titi ɗaya, kowa da kwantiraginsa da sunansa. Mai gida ya fi sassauta wa mutanen da za su cike masa bene a lokaci guda, tsofaffi kuma ba za su wuni su kaɗai a bayan ƙofar ƙarfe ba. Adashe, wanda a nan ake ce wa jam'iyya, a tsara shi yadda kwasar kowa za ta faɗo a watan da hayarsa take cika, a kuma rubuta sunaye da ranaku a ajiye wa mutum biyu. Sai dai a bambance adashe tsakanin dangi da tara gudummawa daga jama'a, domin na biyun yana buƙatar izinin hukuma, kuma an kama mutane a kansa. Mai son taimaka wa mabuƙata a fili ya bi ta ƙungiya mai rajista ko dandalin Ihsan. A kowane rukuni kuma a samu matashi ɗaya mai Larabci da sanin waya, a ɗora masa nauyin karanta wa dattawa kwantiragi kafin su amince, da riƙe ranakun ƙarewar hayar kowane gida, ya riƙa tuna musu tun saura wata uku. Gwaggona yanzu tana hawa na farko a wani bene a gabashin Jidda, tsofaffin maƙwabtanta biyu suna hawa na biyu, kuma jikarta ce take riƙe musu wannan lissafi.